Watan da Na Buɗe wa Jikana Kati

A Unguwar Dosa har gobe akwai matan da in na wuce za su taɓa juna su ce ga Hajiya Kwamanda nan. Ku jikokina kun taso kun tarar da sunan, kuma na san kowannenku ya ji labarinsa ta baki daban. Wasu sun ce muku tsufa ne ya taɓa ni har na koma wasan yara. Wasu sun ce na ɗaure wa Sadiƙ gindi ne ya fi ƙarfin ubansa. Duk ba haka ba ne. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya faru tun ƙwaƙwalwata tana aiki, don in na bar wa maƙwabciyata Hajiya Talatu ta ba da labarin, sai ku rantse da bindiga na fita titi.

Shekara talatin da biyu na yi ina aikin jinya a asibitin gwamnati, mafi yawansu a sashen haɗari, inda ake kawo wanda mota ta kaɗe da wanda aka sara da wanda ya faɗo daga gini. Da na yi ritaya na ɗauka ni da jini mun rabu ke nan, sai dai na kaza ranar salla. Sadiƙ ya dawo hannuna yana ɗan shekara goma, bayan rasuwar mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta. Babansa, wanda shi ne ɗan farina, aikin gwamnati ya kai shi Abuja. Yakan zo ƙarshen wata ya kwana ɗaya, sannan kowace Lahadi bayan la'asar yakan kira a waya. Yaron sunan marigayi maigidana ya ci, Abubakar, don haka ni Maigida nake ce masa, ina tsokanarsa cewa ban taɓa ganin mijin da sai matarsa ta yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba ba sai shi.

Na'urar gem ɗin da ta jawo maganar, wato irin wasan nan da ake haɗawa da talabijin, babansa ne da kansa ya saya ya aiko direba da ita lokacin da yaron ya gama aji uku na sakandare. Da farko ƙwallo yake bugawa a ciki, ban damu ba. Daga baya ya yi musanya da wani abokinsa na Rafin Guza ya kawo faifan yaƙi. Abin da nake hangowa in na wuce ta falo shi ne sojoji cikin rigar ƙarfe a wata duniya mai rana biyu, suna harbin wasu halittu masu kama da fara amma girman saniya, da bindigogi masu fitar da haske. In an harbe su sai su fashe, wani koren ruwa ya wanke fuskar talabijin. Nakan ce masa ya rage ƙara, ya rage, shi ke nan. Ban taɓa tsayawa na kalla na minti biyar ba, kuma wannan sakacina ne.

Yana aji biyar, shekararsa goma sha biyar da watanni, aka kira ni makarantarsu wata Litinin. Ya naushi wani ɗan ajinsu ya fasa masa hanci. Na duba hancin da kaina, bai karye ba, amma jini ya ɓata rigar yaron har aljihu, kuma uwarsa tana tsaye tana harara ta sai ka ce ni na aiko shi. Shugaban makarantar ya ce ba yau ne Sadiƙ ya fara shigowa da fuska a murtuke ba, kuma abokansa sun shaida kullum hirarsa ta harbi ce. Ya ce shi ya ga irin wannan da yawa, gem ɗin nan ne ke cinye zuciyar yara. Na tambayi Sadiƙ me yaron ya yi masa, ya ce ba komai. Na ba da haƙuri har bakina ya bushe, aka dakatar da shi mako ɗaya, muka dawo gida a keke mai ƙafa uku.

Babansa bai jira ƙarshen wata ba. Ranar Asabar ya iso, ko ruwa bai sha ba ya sa aka kwance na'urar aka saka a kwali. Ya ce ya riga ya yi magana da ƙanena da ke noma a wani ƙauye bayan Malumfashi. Zai cire yaron daga makaranta ya kai shi can shekara ɗaya, inda babu wuta balle talabijin, ya riƙe fartanya har zafin kansa ya sauka, in ya dawo ya maimaita aji. Sadiƙ yana durƙushe a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Shekara guda babu karatu a irin waɗannan shekaru ba wasa ba ce, na ga yara da yawa da aka cire haka ba su sake komawa aji ba. Kuma in faɗa muku gaskiya, ban san yadda zan zauna a gidan nan babu yaron ba.

Sai in tsaya in yi muku bayanin wani abu, don ku 'yan yanzu kuna kiran 'ya'yanku na fari da suna, har ku rungume su a gaban mutane. Mu ba haka muka taso ba. Ɗan fari kunyarsa ake ji. Tun da na haifi baban Sadiƙ ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yabonsa a gabansa ba, ban taɓa zama na yi doguwar hira da shi ba. In zan yi masa magana ƙofa nake kallo ko tabarma. A wurinmu wannan ita ce tarbiyya, kuma ina alfahari da ita. Shi ma da ya haifi Sadiƙ haka ya ɗauka, har ya fi ni tsanani. “Kai” yake ce masa, in yana magana da wani ya ce “yaron nan”. Don haka ranar ma labulen ƙofa na kalla na yi maganata.

“A ba ni wata ɗaya. Ban taɓa yarda a yi wa mara lafiya aiki ba tare da an buɗe masa kati ba.”

Ya ce, “Hajiya, nan ba asibiti ba ne.”

“Wata ɗaya na ce. In ya cika aka ga gem ɗin ne, ni zan haɗa masa kaya da hannuna.”

Bai iya yi mini musu ba, amma na ga ransa bai so ba. Ya ce nan da mako huɗu cif, ranar Asabar, zai zo da mota. Ya bar kwalin a falo ya juya Abuja a ranar.

Washegari na samo farin kwali, na ja layi da rula yadda muke yi a ɗakin marasa lafiya, na fito da tsohon agogona na maƙalawa a ƙirji. Na raba kwalin gida-gida: gida ɗaya na bugun zuciya, safe da yamma, da kuma kafin gem da bayansa. Gida ɗaya na abinci, ɗaya na barci, ɗaya na salla a kan lokaci, ɗaya na yanayin fuska da magana. Na bar gidan ƙarshe mai faɗi. Metiron ɗin da ta koya mana aiki, wato shugabar ma'aikatan jinya, wata 'yar gajeriyar mata mai faɗan tsiya, ta sha dukan tebur tana cewa duk abin da ya faru a gefen gadon mara lafiya a rubuta ko ba ka ga amfaninsa ba: wa ya zo dubiya, me ya kawo, ƙarfe nawa ya tafi. Hannuna ya saba da haka, don haka duk abin da ya gitta a gidan sai in jefa shi a wannan gida, an ɗauke wuta, an yi baƙi, an yi ruwa.

Sadiƙ wasa ya ɗauki abin. In na kama tsintsiyar hannunsa ina kallon agogo sai ya marairaice ya tambaye ni ko zai rayu kuwa, Sista. In ce masa mijin da ba ya wanke kwanonsa rayuwarsa ba ta dame ni ba. Na karanta bayan faifan yadda nake karanta kwalin magani, na ga an sa alamar shekara goma sha shida, shi kuwa saura wata biyar ya kai. Na rubuta wannan ma, da jan biro, don ba na son a ce na ɓoye abin da bai yi mini daɗi ba.

Makon farko na bar shi ya yi yadda ya saba, kuma abin da na gani bai faranta mini duka ba. In yana cikin yaƙin zuciyarsa gudu take kamar ya hau bene a guje, kuma in aka kashe shi sau uku a jere, rabin awa ba ka isa ka aike shi ba sai ya yi tsaki ciki-ciki. Ranar da ya wuce awa biyu, washegari sai ya yi ta hamma a kan shayi. Akwai kuma wani abin kunne da yake sawa yana magana da mutanen da bai taɓa gani ba. Na karɓa na saurara sau ɗaya, na ji wani ƙato da muryar magidanci yana zunduma ashar da Turanci. Na cire abin na jefa a jakata, bai sake fitowa ba. Mako na biyu na kulle na'urar a ɗakina gaba ɗaya, yadda ake tsayar da magani a ga ko shi ke kawo ƙaiƙayi. Kwana biyu ya yi yana zagaye gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, daga nan ya haƙura. Talata zuwa Asabar lafiya lau, har ya taya ni gyaran zogale. Na ce a raina to an gano ciwo. Amma Lahadi da yamma ya tura tuwo gefe, Litinin ya fita makaranta ko sallama babu, alhali rabonsa da gem ya fi kwana bakwai. Na rubuta, ban gane komai ba tukuna.

Mako na uku na yanke shawarar da ta jawo mini suna. Na ga ina ta awon mai shan magani ban san ɗanɗanon maganin ba. Na ce wa Sadiƙ ya miƙo mini hannun gem ɗin, wato ɗan abin da ake riƙewa ana latsawa. Ya yi dariya har da kwanciya a kafet. Kwana biyun farko sojana sama kawai yake kallo yana juyi a wuri ɗaya, in ya yi tafiya ya faɗa rami. Na harbi bango, na harbi 'yan rundunarmu, sau ɗaya ma na jefa bam a ƙafata. Amma hannun da ya shekara talatin yana neman jijiya a hannun jariri ba ya rawa. Kafin Alhamis na fara samun farar nan a tsakiyar ka, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Na auna bugun zuciyata ni ma, na tarar ta fi tasa gudu. A nan na fahimci cewa mai yin abin ba kisa ne a ransa ba, dabara ce: ina za ka ɓuya, harsashi nawa ya rage, wa za ka jira. Sadiƙ da ba ya iya haƙurin shayi ya huce, shi ne ke ce mini in dakata, ba yanzu ba, in bari su matso.

Muna cikin haka Hajiya Talatu ta yi sallama ta ɗaga labule, ta same ni ɗankwali ya zame, tabarau a kan hanci, ina ce wa Maigida ya tsare mini baya. Ta tsaya da hannu a haɓa, ta yi salati, ta juya ko abin da ya kawo ta ba ta faɗa ba. Kafin Juma'a labari ya kai har unguwar Malali. A islamiyyarmu ta matan aure, inda na shekara shida ina yi musu bayanin kiwon lafiya duk ranar Asabar, aka aiko mini cewa in ɗan huta tukuna. Wata ta ce wai mace mai jikoki tana harbe-harbe, me za ta gaya wa masu 'ya'ya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ina son wannan aji, kuma har yau ba a ce in koma ba. A makon ne aka fara kirana Kwamanda a layinmu.

Akwai rana ɗaya da na ajiye hannun gem ɗin da kaina. Mun shiga wani dogon lungu a cikin jirgin sojojin, sai ga 'yan rundunar da aka raunata an jera su a ƙasa jikin bango, mutane ne ba fara ba, jininsu ja. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Shekarar da garin nan ya rikice, haka muka jera mutane a barandar asibiti don gadaje sun ƙare, ina tsallake wani in kai ga wani, takalmina yana manne wa siminti. Ban taɓa ba kowa labarin ba, ko marigayi. Ranar na ba Sadiƙ. Na gaya masa yadda ramin harsashi yake, ƙarami ta gaba, ta baya kuwa sai ka sa dunƙulen hannu. Na gaya masa babu akwatin maganin da mutum zai taka ya miƙe garau irin na cikin gem ɗin, kuma wanda ya mutu uwarsa ce ke zuwa da zane ta rufe shi. Ya saurara bai motsa ba. Da na gama na tambaye shi me yake samu a cikin wannan wasa.

“Hajiya, na san ƙarya ne. Da gaske ne ko kallo ba zan iya ba.” Ya juya abin a hannunsa. “A nan in na faɗi sai a ce in sake gwadawa. Ba wanda zai ce me ya sa.”

Shi da kansa ya shiga wani wuri a cikin gem ɗin ya kashe nuna jini, ni ban ma san ana iya yi ba. Na rubuta maganarsa a gidan ƙarshe yadda ya faɗe ta.

Ranar Alhamis ta makon ƙarshe, bayan azahar, na baje katunan huɗu, kowane mako da nasa, a kan tabarma yadda muke yi kafin likita ya zo zagaye. Na bi gidan fuska da yatsa ina neman ranakun da na sa alamar fushi mai tsanani. Guda takwas ne, kuma biyu-biyu suke tafiya, Lahadi da yamma da Litinin da safe. Makon da ya yi gem da makon da bai yi ba, duk ɗaya. Na zame yatsana zuwa gidan ƙarshe, na ga rubutun hannuna sau huɗu, abin da na rubuta ba tare da tunanin komai ba: babansa ya kira. Sai na tuna ranar da ya fasa wa yaron nan hanci ma Litinin ce. Na san yadda wayar take, don a gabana ake yi. Ba ta wuce minti uku. Kai, nawa ka ci a lissafi? Me ya sa ba ka zo na ɗaya ba? Ba Hajiya wayar. Shekara biyar ina jin wannan duk mako ban taɓa ganin aibinsa ba, saboda ni ma da irin muryar na yi renon mai kiran. Na zauna a kan tabarmar nan har aka kira la'asar, kunya da baƙin ciki sun hana ni tashi.

Ranar Asabar babansa ya iso da hantsi, da sabuwar jaka babba a bayan mota. Na ce wa Sadiƙ ya shiga ɗakinsa, don ba a gaban ɗa ake yi wa uba irin wannan magana ba. Na fara da laifin gem ɗin, ban rage masa komai ba: gudun zuciya, tsakin bayan an kashe shi, hammar safe, ƙaton nan mai ashar, da jan rubutun shekara goma sha shida. Yana ji yana gyaɗa kai, har ya fara laluben makullin mota. Sai na tura masa katunan, na ɗora yatsa a kan Lahadin farko, na ce a karanta har ƙarshe. Ma'aikacin ofis ne, takarda ba ta yi masa wuyar ganewa. Na ga lokacin da idonsa ya tsaya, ya koma baya, ya sake bi.

“Yanzu tambayar yaro karatunsa ne ya zama laifi? Ai haka aka rene mu, Hajiya.”

Na ɗauke idona daga labule na dube shi sosai. Ashe har ya fara furfura a gefen kunne ban sani ba.

“Kabiru.”

Shekararsa arba'in da shida a lokacin, kuma ranar ya fara jin sunansa a bakina. Katin ya zame daga hannunsa. Na riga na fara, sai na ci gaba.

“Haka na rene ka, kuma ka zama mutum, na gode wa Allah. Amma kai ka taso da uba a gida, da ƙanne, da kaka mai lallashinka in na yi maka faɗa. Shi uwarsa tana ƙasa, ubansa kuma murya ce ta minti uku. Ranar da sakamakonka na shiga jami'a ya fito, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi rawa ni kaɗai. Ban gaya maka ba. To yau na gaya maka.”

Ya sunkuyar da kai, ya daɗe a haka, yana murza ido da babban yatsa. Na ƙyale shi, don na san inda allura ta shiga ba a sake tsirawa. Can ya gyara murya ya juya wajen ɗakin yaron ya ce, “Sadiƙ.” Shiru. Ya sake kira da ɗan ƙarfi. Yaron ya fito yana waige-waige, ni ya fara duba ya ce wa ke kiransa. Na nuna masa ubansa da haɓa.

Kabiru bai durƙusar da shi ba, kujerar kusa da shi ya nuna masa. Ya tambaye shi me ɗan ajin nasu ya yi masa ranar nan. Abin da ya ƙi gaya mini da shugaban makaranta, a nan ya fito: yaron ya ce masa ubansa ya ajiye shi wurin tsohuwa kamar kayan da ba a so. Kabiru ya rufe ido. Da ya buɗe ya ce duk da haka duka ba daidai ba ne, kuma su biyu za su je gidan su yaron su ba da haƙuri kafin azahar. Sannan ya dube ni ya ce, “Zai zauna, Hajiya.” Ban yi guɗa ba don girma ya hana, amma wallahi tana nan a maƙogwarona.

Dokar gem kuwa ni na kafa ta, ba wanda ya ja. Awa ɗaya bayan an gama aikin makaranta, a falo, labule a ɗage, babu abin kunne, babu jini. Faifan yaƙin ya ci gaba da kwana a ɗakina har Sadiƙ ya cika shekara goma sha shida, ba ya fitowa sai ina zaune a gefe. Mun kai ƙarshensa kafin azumin shekarar, kuma uwar farar nan da ta cika talabijin, wadda ta kashe Sadiƙ sau tara, ni na kayar da ita. Ku tambaye shi in ya zo hutu, yana jami'a yanzu, ba zai iya musu ba. Matan da suka yi da ni sukan ja ni gefe a gidan biki su tambaye ni a asirce ko irin wannan wasa ya dace da 'ya'yansu matasa. Nakan ce ƙaramin yaro dai ko kusa, kuma alamar shekarun da ke bayan faifan ba ado ba ce. Wanda ya tasa kuwa, ban san ɗanki ba, ke ma ƙila ba ki san shi ba tukuna. Ki zauna kusa da shi mako ɗaya ki gani, ki kuma saurari yadda ake yi masa magana a gidanki.

Lahadin da ta biyo baya wayar ta yi ƙara bayan la'asar. Sadiƙ ya ɗauka ya fita gindin mangwaro. Na goge hannuna na zauna a bakin ƙofa ina jiran a ce a ba Hajiya. Na ji yana bayanin wani malaminsu, na ji shiru, na ji dariya. Shayina ya huce, na sake ɗumamawa, har aka fara kiran magariba suna magana. Ya dawo ya miƙo mini wayar ta yi zafi, ya ce Baba yana gaishe ni, cajinsa ne ya ƙare. Tun daga ranar, in ina son magana da ɗana ranar Lahadi, layi nake bi.